Rabin fitilun bishiyar Kirsimeti sun mutu: a gyara ko a yar?

Maman 'Yan Biyu: Salama alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Ina neman shawarar masu sanin harkar kuran, wato wutar lantarki. Kirsimeti ta matso, na fito da fitilun da muke naɗa wa bishiya don in gwada su, sai na tarar da abin takaici. Igiya biyu gare ni. Tsohuwar, mai ƙananan ampul na gilashi, 200 aka rubuta a kwalinta: rabi na ci, daga tsakiya zuwa wutsiya kuwa duhu. Sabuwar irin mai LED ɗin nan ce da ɗan koren akwati mai maɓalli ɗaya, bara na saye ta. Ja da ɗorawa suna ci, shuɗi da kore shiru, kuma in aka taɓa wayar kusa da akwatin sai duka su ɗauke su dawo. Lafiya lau na naɗe su a watan Janairu. Yara sun sa rai, kuɗi kuma bana sai a hankali. A gyara ko a yar?

Ɗan Zango: Tanti, ki zuba su a shara ki huta. Kayan nan don shekara ɗaya aka yi su. Abin da za ki ba mai gyara ya kusa sayen sabuwa a Kasuwar Dole.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, da sabuwa tana kai shekara biyu da na bi maganarka. Ta bara ce fa ta lalace. In na sake saya bana, baɗi ma nan zan dawo da wannan tambayar.

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Amin alaikumus salam. Maman yara, kafin komai: wadda kika ce tana ɗaukewa in an taɓa waya, ki zare ta daga piriz yanzu, ki ajiye ta inda yaro ba zai jona ba. Zan zo kanta daga baya.

Mu fara da tsohuwar. Kuran ɗin gidajenmu bolt 220 ne. Ɗan ampul ɗin nan kuwa bolt 2 da ɗoriya yake iya ɗauka, in aka ba shi 220 shi kaɗai nan take zai ƙone. Dabarar masu ƙera su ita ce su jera ampul 100 a layi guda, wuta ta shiga na farko ta fita ta shiga na biyu, haka har na ƙarshe, kowa ya samu rabonsa. Kamar leburori masu miƙa bulo hannu da hannu ne, mutum ɗaya ya bar wurinsa aiki ya tsaya wa kowa. Taki mai 200 layi biyu ce a igiya ɗaya, shi ya sa rabi ya mutu rabi na ci. Saboda haka ba ampul 100 ne suka lalace miki ba. Wataƙila ɗaya ne tak.

Maman 'Yan Biyu: To Malam, ai a rabin da ke ci ma na ga wasu ɗaiɗaiku sun mutu, amma sauran ba su ɗauke ba. Yaya aka yi su ba su kashe layinsu ba?

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Ki ɗauki ampul ɗaya ki ɗaga shi a hasken rana. Can ƙasa, inda ƙafafun nan biyu suka shiga gilashi, za ki ga wata siririyar waya an naɗe ta a kansu. Tana da wani shafi a jikinta da ke hana wuta bi. Ran da zaren ampul ya tsinke, duk ƙarfin layin sai ya taru a kanta, ya huda shafin, wuta ta samu hanya ta wuce zuwa na gaba. Shi ya sa mataccen ampul yawanci shi kaɗai yake duhu. In kika ga layi gaba ɗaya ya ɗauke, to ko wannan 'yar wayar ta ƙi yin aikinta, ko ampul ya saki a gurbinsa, ko ƙafarsa ta lanƙwashe ba ta taɓa ƙarfen gurbin, ko kuma waya ta fizge. A abin da ake kawo mini, sakin ampul ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Ga abin da za ki yi. Ki zare daga piriz, ki shimfiɗa igiyar a tabarma da rana. Ki bi mataccen rabin ɗaya bayan ɗaya, kina danna kowane ampul ya zauna daram. Wanda gilashinsa ya yi baƙi ko ya fashe, ki ɗaura masa zare ki wuce. Wanda kika ji yana rawa, ki ciro shi ki duba ƙafafun, sirara ne kamar gashi, kowace an lanƙwasa ta a gefe guda na gindin roba. In ɗaya ta kauce ki mayar da ita da farce, in ta yi dauɗa ki ɗan kankare da reza. Sai ki jona ki gani.

Ɗalibin Jami'a: Malam, ba zai fi sauri ba a jona ta, a bi da testa mai ɗan haske ɗin nan ana taɓa kowane gurbi har a ga inda wuta ta tsaya? Haka na ga ana yi a wani bidiyo.

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Ɗana, kada ka koya wa mutane wannan. Ampul ɗin ƙarami ne amma wutar da ke gurbin ba ƙarama ba ce. Inda layi ya yanke, 220 ɗin nan cif tana nan tsaye tana jiran wanda zai taɓa. Mace na zaune a ƙasan siminti ba takalmi, yara na kewaye da ita, ka ce ta cusa ƙarfe a gurbi da wuta a jone? Mai miltimeta, wato na'urar awon wuta, yana da hanya mai sauri kuma ba haɗari: igiya a zare, ya ciro ampul na tsakiyar mataccen layin, ya auna daga ƙafar fulogi zuwa gurbin. In hanya ta ɓulle, laifin yana ɗaya ɓangaren. Ya sake zuwa tsakiyar wancan, haka yana rabawa biyu. A ampul 100 awo bakwai ya isa ya kai shi kan mai laifin.

Ɗalibin Jami'a: Na gane Malam, na gode.

Ɗan Zango: Ni abin da nake yi wa ta shagona, in na gano mataccen sai in yanke shi da almakashi in murɗe wayoyin biyu. Tana kamawa tas, har ta fi da haske.

Malamin Lise: Ƙarin hasken nan da kake murna da shi shi ne ajalinta. Mu yi lissafi. 220 a raba wa ampul 100, kowa ya samu 2.2. Ka cire 10, saura 90, kowa ya koma 2.4 da ɗoriya. Ka cire 20, kowa yana shan 2.75. Ampul mai zare ba ya jure ƙari ko kaɗan, masu harkar sun daɗe da sanin cewa ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai yana rage kwanansa da kusan rabi. To duk wanda ya mutu yana ɗora wa sauran kaya, su ma su yi saurin mutuwa, su ɗora wa na baya. Shi ya sa igiya takan yi shekaru tana lafiya, sannan cikin dare biyu ta ƙare ƙurmus. Kuma ko ba ka yanke ba, matattun da 'yar wayar nan ta tsallake su lissafin ɗaya ne. Mataccen ampul a canza shi da wuri, ba a bar shi don sauran na ci ba.

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Malam ya faɗi gaskiya. Yanke ɗaya ko biyu ba zai kashe igiya ba, amma murɗe waya da hannu a bar ta tsirara ko a naɗe da leda, wannan ban yarda da shi ba ko a shagon maƙiyina. In za a haɗa, a sa dalma, a naɗe da baƙin salatif na masu aikin wuta.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a, ta kama! Wani ampul ne kusa da tsakiya, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin gindin. Na miƙe ta da tsinken kunne na mayar, ina jonawa rabin ya tashi. Malam, Allah ya saka da alheri. Sai dai yanzu da haske ya zo na ga matattun da ke wannan ɓangaren sun fi goma, kuma ragowar sun fi na ɗaya rabin haske sosai, har suna da zafi in an kusanta hannu.

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Madalla. Amma kada ki bar ta a jone a haka, abin da Malamin Lise ya lissafa ne kike gani da idonki. Ki nemi wanda ke da matacciyar igiya irin taki, mai 100 ko 200 ta bolt 220, ki ciri ampul daga jikinta. Kada ki ɗauko na igiya mai 20 ko 50, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. In gindin robar bai shiga gurbinki ba, ki miƙe ƙafafun ki zare gilashin, ki zura shi a tsohon gindinki. Aikin haƙuri ne, ba na ƙarfi ba.

Hajiya Mai Kayan Biki: Maman 'yan biyu, turo yaro gidana gobe, ina da buhun matattun igiyoyi da nake ajiyewa don irin wannan. Mu da ke yi wa mutane adon rumfar biki da walimar sauka da Mauludi, fitilun nan jarinmu ne, ba ma yar da komai sai mun cire abin cirewa. Na shiga sana'ar nan tun shekarar Zinder Sabuwa, 2018, da aka yi bikin ranar Jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba a garin nan, kuma abin da na koya shi ne araha ba ta ado. Masu koren akwatin nan na daina sayen su. Ana tsakiyar biki launi ɗaya ya ɗauke, uwar amarya ta zuba miki ido.

Mai Shago a Dole: Hajiya, ku yi mana adalci mu 'yan kasuwa. Iri biyu muke ɗaukowa daga Kano, mai kyau da mai araha, kuma kusan duka daga ƙasar Sin suke fitowa, da yawansu ta kasuwar garin Yiwu. Ba wai can ba su iya yin mai kyau ba ne, abin da ka biya shi za su yi maka. Mai kyan sai ta shekara a rataye tana shan ƙura, kowa ya zo cewa yake a ba shi ta jika ɗaya. In ta mutu kuma a ce mai shago ya cuce shi. Ni duk wanda ya saya sai na jona masa a gabansa.

Ɗan Zango: Alhaji, jonawar minti ɗaya a shago ai ba ta nuna komai. Kowace tana ci ran da aka saye ta.

Mai Shago a Dole: To bari in faɗa muku abin da ni nake dubawa in na je sari, ko da zai rage mini ciniki. Na ɗaya, ka auna igiyar a hannu. Mai kyau tana da nauyi saboda tagullar da ke ciki, mai araha in ka ja wayarta sai ta miƙe kamar roba don 'yan silin da ke ciki ba su taka kara sun karya ba. Ka duba inda waya ta shiga fulogi da inda ta shiga akwati, ka ɗan ja, in tana motsi ka ajiye. Ka danna maɓallin ka bi salon wasan nan takwas duka, kana kallon ko akwai launin da ba ya tashi. Ka girgiza ta tana ci. Kuma ka karanta 'yar takardar da ke manne a wayar. Mutane ba sa karantawa.

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Tunda an zo kan koren akwati, Maman yara ga bayanin sabuwar taki. In aka ɓalle murfin za a ga ɗan allo bai kai akwatin ashana ba, da wayoyi biyu masu shigowa daga fulogi, da uku ko biyar masu fita zuwa fitilu. Taki da ja da ɗorawa ke tafiya tare, shuɗi da kore tare, layi biyu ce, wato waya uku. Dalmar da suke sawa 'yar ɗigo ce, kuma babu abin da ke riƙe wayar in an ja. Ina kyautata zaton wayar layin shuɗi da kore ta ɓalle, ta fulogi kuma tana gab da ɓallewa, shi ya sa take ɗaukewa in kin taɓa. In haka ne aikin minti biyar ne da ƙarfen dalma. In kuma wayoyin suna nan lafiya, to LED ɗaya ne ya yanke a layin, su kuma ba a zare su kamar na gilashi, an liƙe su da roba. Ana gano shi da ɗan batirin nan mai faɗi na bolt 3 irin na makullin mota, a taɓa ƙafafun kowane ɗaya, in bai kama ba a juya batirin, don LED ta fuska ɗaya kawai yake karɓar wuta. Amma sai an yaga robar kowane ɗaya, kuma a nan na yarda da ɗan Zango, wahalar ta fi kuɗin.

Abin da ya fi damuna da irin wannan ba mutuwarta ba ce. Akwatin nan ba ya rage wuta, juya ta kawai yake yi, kuma 220 in an juya ta takan kai wajen 310 a ƙololuwarta. Wannan ƙarfin ne ke bin siririyar wayar da yaranki za su riƙa shafawa a jikin bishiya. Ko na gyara miki ita, a saman bango zan ce ki rataye ta, inda hannu ba ya kai.

Maman 'Yan Biyu: Ikon Allah. Ni da na ɗauka LED ba ta ja tunda ba ta zafi. Zan kawo maka ita Birni, in ta gyaru ta hau bango. Wace iri ce to ta dace da bishiyar da yara ke taɓawa?

Hajiya Mai Kayan Biki: Mai babban kai irin na cajar waya. Ki duba jikin kan, za ki ga an rubuta wutar da yake fitarwa, 24 ko 31, wata ma 5 mai shiga USB. Ita wannan ta USB ko da fawa bank tana ci, in an ɗauke wuta bishiyarki ba ta sani ba. Sun fi tsada, amma in kan ya mutu shi kaɗai za ki canza, ki dai tabbatar lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta tsohon.

Dattijon Ikilisiya: 'Ya'yana, na karanta duka, na ƙaru. Bari in ƙara abu biyu da idona ya gani. Wata shekara wani ɗanmu da ke Amurka ya aiko mana da fitilu masu kyau ƙwarai don bishiyar majami'a. Fulogin mai faffaɗan ƙafa ne, matasa suka nemo abin da zai shigar da shi piriz ɗinmu. Ana jonawa suka yi wani haske fari fat, suka mutu gaba ɗaya. Wutar can bolt 120 ce, tamu 220. Abin sauya bakin fulogi ba ya sauya ƙarfin wuta. Duk wanda aka aiko masa da kaya daga waje ko ya saya a gwanjo, ya karanta takardar tukuna.

Na biyu, gobara. Lokacin Kirsimeti lokacin hunturu ne, komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa. Muna sa auduga a bishiya, yara suna gina komin dabbobi da kara da ciyawa da takardar siminti, wasu gidajen danga ta zana ce. Na taɓa ganin auduga ta yi baƙi ta soma hayaƙi a kan ampul na gilashi, Allah ya sa akwai mutane a wurin. Don Allah kada a kwanta ko a tafi sujadar dare a bar fitila a jone.

Ɗan Zango: Baba, in haka ne ai gara a koma kyandir, ba ruwanka da bolt ba ruwanka da ɗauke wuta.

Malamin Lise: A'a ƙanena, kyandir ɗin ne aka gudo daga gare shi. A Turai da Amurka da can kyandir suke liƙawa a rassan bishiyar, suna ajiye bokitin ruwa a gefe, kuma gidaje sun sha ƙonewa. A watan Disamba na 1882 ne wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya sa wa bishiyar gidansa a birnin New York ampul 80, ja da fari da shuɗi, daga nan abin ya soma. Ko mafi lalacewar igiyar Dole ta fi buɗaɗɗen harshen wuta kusa da bishiyar roba aminci. Kuma a batun zafi LED ta yi wa ta gilashi nisa. Tsohuwar igiya mai ampul 100 tana cin wajen wat 40, mafi yawansa zafi yake zama. LED 100 kuwa 'yan wat ne da ba su kai goma ba.

Mai Tireda a Garin Malam: Ku yi haƙuri, ni ina ganin an ɗora wa kayan laifi da yawa an bar kuran. Da magariba wuta takan yi ƙasa har fanka ta riƙa juyi da ƙyar, can cikin dare ta dawo da ƙarfi. Wace fitila za ta jure wannan? Ni tawa lokacin da aka dawo da wuta ta mutu, a gabana.

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Akwai gaskiya a maganarka. Wutarmu tafiya mai nisa take yi, daga Katsina ta garin Gazawa kafin ta iso mu, kuma lokacin da kowa ya kunna kayansa dole ta yi ƙasa. Sai dai raguwar wuta ba ta kashe ampul mai zare, dusashewa kawai yake yi. Abin da ke kisa shi ne tsallen da take yi lokacin dawowa, da kuma gurup, wato janareta. Tun lokacin da aka yanke layin Najeriya a watan Agusta na 2023, kafin a dawo da shi a 2024, ƙananan gurup suka yawaita a gari, kuma da yawansu ba su da abin daidaita wuta na kirki. In mai ya kusa ƙarewa ka ji injin yana hawa yana sauka, wutar ma haka take yi. In aka kashe babban kaya kamar firji ko dutsen guga, sai ta yi sama farat ɗaya. Dokar da nake ba kowa: a zare fitilu kafin a tayar da gurup, a zare kafin a kashe shi, in an ɗauke wuta a zare, in ta dawo a bari ta zauna tukuna.

Mai Tireda a Garin Malam: Regilata fa? Ba zai magance ba?

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Yana taimakawa in wuta ta yi ƙasa ko sama ta daɗe a haka. Tsallen ƙiftawar ido kuwa kafin ya motsa an riga an gama. In kana da shi don talabijin ka jona fitilun a jikinsa, ba laifi, amma ba zan ce ka saye shi don igiyar jika biyu ba.

Ɗan Zango: Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakana. Mai sana'a ba shi da yinin da zai zauna a tabarma yana bin ampul 100 da tsinke. Ga wanda lokacinsa kuɗi ne, sabuwa ta fi.

Hajiya Mai Kayan Biki: Ɗana, ba wanda ya ce ka gyara kowace. Wadda robarta ta bushe tana farfashewa in an lanƙwasa, ni ma ba na gyara ta, ampul nake cirewa in yar da sauran. Amma ka lura da abin da Maman 'yan biyu ta faɗa tun farko, lafiya ta ajiye su. Yawancin fitilun nan ba a jikin bishiya suke mutuwa ba, a ajiya suke mutuwa. A fizgo su daga rassa, a dunƙule a cusa a leda, a jefa saman sif ko ɗakin kwano. Zafin Afrilu da Mayu na garin nan da ke haura digiri 40 ya gasa robar, ɓera ya ɗanɗana, damina ta zo ƙafafun su yi tsatsa. Baɗi a zo ana warware ƙulli da ƙarfi, waya ta tsinke a ciki ba a gani. Ni kowace igiya kwalinta daban. Ina yanka kwali in yi masa tsaga a gefe biyu, in maƙale fulogi a tsaga ɗaya, in naɗe a hankali ba ja, in maƙale wutsiya a ɗayar. Sai in jera su a bokitin fenti mai murfi, in ajiye a ƙasa cikin ɗaki mai sanyi. Kafin in naɗe kuma sai na jona na canza matattu.

Malama Nas: Sannunku da ƙoƙari. Tawa tambayar daban ce. Mu dogon yaron tsakar gida muke naɗa wa fitila, ba mu da bishiyar roba. Na sayi mai sola don in huta da ja da waya daga ɗaki. Da farko tana kaiwa tsakar dare, yanzu ko isha'i ba ta kaiwa, wani daren ma ba ta tashi sam.

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Malama, fara da goge ɗan faifan solar da tsumma kullum da safe. Ƙurar hunturu kwana biyu ta isa ta rufe shi, ga hazo ya riga ya rage rana. Ki kuma fitar da shi daga inuwar bishiyar, ki fuskantar da shi kudu, don a wannan watan rana ta kudu take bi. Daren da ba ta tashi kuwa, ki duba ko akwai ampul na ƙofar ɗaki ko na titi da ke haska faifan. Shi ne idonta, in ya ga haske sai ta ɗauka gari bai yi duhu ba. Ki rufe shi da tafin hannu, in ta kama to wuri za ki canza mata.

In duk kin yi wannan ba ta daɗewa, batiri ne. Ki kwance ƙananan kusoshin bayan akwatin, yawanci za ki tarar da batiri ɗaya mai girman na rimot, an rubuta 1.2V da NiMH a jikinsa. Ki tafi da shi kasuwa ki sayo irinsa mai caji. Kada ki sa na tocila wanda ba a caji, zai zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. In kuma kika ga an rubuta 3.7V, wani iri ne daban, shi ma irinsa za ki nema.

Dattijon Ikilisiya: Mu ma muna so mu naɗa wa bishiyoyin harabar majami'a. Wadda muke da ita ta cikin ɗaki za ta yi, tunda ba ruwan sama yanzu?

Mai Gyaran Rediyo na Birni: Baba, a nemi wadda aka rubuta IP44 ko sama da haka a jikinta, ita aka yi don waje. Gaskiya ba ruwan sama a Disamba, amma ana ban ruwan shuke-shuke, ana yayyafa wa ƙasa ruwa kafin shara, kuma rana tana cin robar ta cikin ɗaki da sauri. Kada a kafa ƙusa a kan waya, a ɗaure da zare sako-sako. A fara naɗi daga inda hannun yaro da bakin akuya ba sa kai. Mahaɗar fulogi da doguwar waya kada ta kwanta a ƙasa, a ɗaga ta a ɗaure a jikin reshe. Kuma da an shiga Janairu matasa su sauke su, kada a bari damina ta same su a can.